Fayil 11, sai kowa ya iso tukuna

Wani ɗan shafi nake haɗa ma baffana da ke sai da hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe, so yake ya buɗe a waya ya ga farashin masara da gero da wake na ƙananan hukumominmu 11, kowace da fayil ɗinta na JSON, wato wani tsarin ajiye bayanai. A laftof ɗina komai lafiya lau, amma da ya buɗe a wayarsa sai ga Kaltungo ta fito, Dukku da Nafada fayau, matsakaicin farashi ya birkice. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don mutum zai iya duba wannan lissafi ya zuba kuɗinsa a buhu hamsin.

Ashe shi fetch, umarnin JavaScript da ke ɗauko fayil daga intanet, ba ya tsayawa jira, alkawari kawai yake miƙo maka, wato Promise, sai kod ya wuce ya hau lissafi da kayan da ba su sauka ba. Na sa setTimeout don lissafin ya jira sakan uku, to amma wa ya san yadda netwok zai yi ran da hadari ya haɗu? Na gwada await, mai sa kod ya jira fayil ya iso, ɗaya bayan ɗaya, ya yi, sai dai kamar layin gidan mai ne, sai na gabanka ya sha.

Promise.all ne ya raba gardama, tun 2015 yana cikin JavaScript. Ka tura neman fayilolin gaba ɗaya, ya jira kowa, kuma a jerin da ka ba shi zai dawo maka da su, in Akko ka sa farko to farko za ta zauna ko da ita ce ta ƙarshen isowa. Matsalarsa ba shi da haƙuri, ɗaya ya faɗi shi kenan ya watsar da sauran. Shi ya sa na koma Promise.allSettled da ya zo a 2020, wannan zai gaya maka wanda ya iso da wanda ya maƙale. A kula fa, 404, wato amsar ba a sami fayil ba, ba faɗuwa ba ce a wurin fetch, sai ka duba response.ok da kanka ka ga ko an dace.

Yanzu in fayil ya ƙi zuwa shafin na rubuta sunan garin da ja, ba ya ɓoyewa. Jiya baffa ya kira ni ya ce, ɗana yau Balanga ce ta yi ja, bari in buga ma mutumina na Talasse in ji farashi.