Abin da 'yan ajina suka roƙa goron Sallah

Saura sati biyu a yi hutun ƙaramar Sallah na yayyaga takarda na raba wa 'yan ajina, 'yan firamare 5, na ce kowa ya rubuta abin da yake so a ba shi goron Sallah, kar ya sa suna. Ni fa don su gwada rubutu na yi, ba wai ina da kuɗin sayen ba, albashin malamin firamare ai kun san zancen.

A raina waya da keke kawai zan gani. Akwai su kam, har da mai son takalmi mai wuta. Amma wata ta rubuta "irin jakar Malama", wato jakar duwatsun nan da na jera da hannuna nake zuwa da ita makaranta, wani kuma ya rubuta carbi, wai na kakarsa ya tsinke da yatsu take lazimi. Wallahi wannan takardar sai da na karanta ta sau uku.

Dama ɗinkin hula da jeren duwatsu su ne abin ɗebe kewata tun ina budurwa, to ranar Asabar na shiga kasuwar Kurmi na ƙaro duwatsu a kan ragowar da nake da su a gwangwanin madara, Litinin na kwaso na kai aji don in koya musu su jera da kansu.

Kuskurena na farko zaren ɗinki na kawo don ya fi araha, yara suka gama wahala da azumi a bakinsu, ɗaya ta ɗaga abin hannunta za ta nuna min sai ji muka yi warrr, duwatsu har ƙarƙashin benci. Washegari na canja zuwa fishin layin, wato zaren roba na kamun kifi, na kuma sa kowa ya zo da murfin kwano da ƙyalle a shimfiɗa a ciki, dutse ba ya gangarewa a kan ƙyalle. Ƙulli kuma sau biyu, a koma da bakin zaren cikin duwatsun kafin a yanke.

Na biyun ya fi ba ni kunya. Mata kaɗai na shirya wa, na ce maza su je su yi ƙwallo. Mai carbin nan ya ƙi fita, ya tsaya bakin ƙofa yana kallona, shi ne ma na gane mai takardar. Na ce zo zauna. Ya ƙirga 33 da kansa ya jera, ya kwance ya sake don wai launin bai yi masa ba, hannunsa ya fi na rabin matan natsuwa, kuma ni da nake ganin maza suna ɗinkin hula da aikin babbar riga a bakin titi kullum ban san me ya rufe min ido ba.

Jaka dai ba mu kai gare ta ba, tana cin duwatsu da lokaci, na ce wa mai son jakar sai an dawo hutu. Ranar da aka koma makaranta ko jakata ban ajiye ba ta ce "Malama, yau ne ko?"