Abin da aikin lauya ya koya mini game da sulhu

Yawancin masu shigowa ofishina tun daga gida sun gama yanke wa abokin rigimarsu hukunci. "Barista, so nake a ɗaure shi." In ka natsu ka saurara, sai ka tarar bashi ne: atamfa aka ɗauka a Kantin Kwari ba a biya ba, ko kuɗin haya ya taru. Kuɗinsa mutumin yake so, ɗaurin kuwa zafin zuciya ne.

Da yake an san kotu da jan ƙafa, sai a bi ta caji ofis, a rubuta bashin da sunan cin amana ko zamba a ƙarƙashin Final Kod, wato kundin dokar laifuka, a tsare mutum har danginsa su yi karo-karo. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana a kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake jaddada haka. Nakan gaya wa mai ƙara wannan ko da zai tashi ya nemi wani lauya. Wanda aka tura gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse jiran shari'a, shagonsa a kulle, da me zai biya ka?

Shi ya sa na karkata ga sulhu. A Legas aka fara buɗe sashen sasanci a cikin kotu a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009, a 2023 kuma aka yi dokar tarayya da ta ba yarjejeniyar sasanci ƙarfi. Mu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai unguwa da dagaci da limami sun daɗe suna yi, kowa kuma ya san ayar da ta ce sulhu alheri ne.

Sai dai a nan ɗin ne na fi ganin ana cin zali cikin ruwan sanyi. A zaman rabon gado, 'yan'uwan mamaci maza sun cika zaure, matarsa da 'ya'yanta mata suna daga ƙofa, sai wani dattijo ya ce, "A yi haƙuri, a rufa wa juna asiri." Haƙurin nan kusan kullum a kan mai ƙaramin ƙarfi yake faɗawa. Matar mamacin za ta ce ta yarda, alhali ba ta san yawan abin da ta bari ba, kuma ba ta da bakin musa wa yayan mijinta a gaban jama'a.

Don haka ba na shiga zaman sulhu sai na keɓe da ita tukuna. In lissafa mata tumunin takabarta da rabon kowace 'ya, in faɗa mata abin da kotun Musulunci za ta ba ta in an je, da ɗage-ɗagen da za a sha, da abin da za ta kashe. Bayan nan in ta ce ta yafe gona ɗaya don zumunci, yafiyarta ce, ladanta ne. Hadisi ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, amma ya cire wanda ya halatta haram ko ya haramta halal, kuma cin dukiyar maraya ba ya zama halal don an yi shi a zaure da addu'a. Abin da aka daidaita a kai kuma a rubuta, a sa hannu, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci, don in wani ya sauya magana a iya tilasta masa.

Akwai kuma inda ba na sasanci sam. Iyayen yarinyar da aka yi wa fyaɗe sukan zo an riga an kai musu kuɗi, ana roƙon su janye. Fyaɗe ba ya cikin laifukan da doka ta yarda a sasanta a kashe magana. Abin da nake fara tambaya shi ne ko an kai ta asibiti an karɓi rahoton likita, in ba a kai ba, a ranar muke tafiya.