Tsiro da Zafin Ƙullu: Inda Zaƙin Kunu Yake Fitowa

A gidanmu da ke Ƙofar Marusa a birnin Katsina, kakata ba ta taɓa zuba sukari a kunun zaƙi ba, amma duk wanda ya kurɓa sai ya miƙo kofi a ƙara masa. Sai da na fara dama nawa na gane cewa zaƙin daga tsiro yake fitowa, kuma zafin ƙullu ne yake raya shi ko ya kashe shi.

Ana jiƙa dawa ko shinkafa shanshera kwana ɗaya, a tsame, a shimfiɗa a kan buhu mai danshi a cikin inuwa, a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 3 zuwa 4. Idan ta tsira, sai a shanya a rana ta bushe ƙarau. Wanda ya yi da dawa lallai ne ya murje saiwar da kan tsiron ya sheƙe kafin niƙa, domin suna ɗauke da gubar nan da take kashe dabbar da ta ci ɗanyen tohon dawa. Duk tsiron da ya yi fumfuna kuwa, zubar da shi ake yi.

A cikin tsiro akwai wani sinadari da masana suke kira amilas, wanda yake narkar da gasara ya mayar da ita sukari. Yana aiki sosai a zafin digiri 60 zuwa 70, amma da zarar an wuce 80 ya mutu, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke asara. Ga tiya ɗaya ta gero da aka jiƙa aka markaɗa da citta, kanumfari da masoro, nakan raba ƙullun kashi uku, in sheƙa wa kashi biyu tafasasshen ruwa har su yi kauri, sannan in jira tururin ya ragu kafin in zuba kashi na ukun da na gauraya da garin tsiro. Mai ma'aunin zafi ya huta da kintace. Kakata bayan hannunta take ɗorawa a jikin tukunya, ni kuwa da na gwada haka sau biyu ina samun kunu mai kauri kamar koko, ba zaƙi ko kaɗan. Alamar nasara ita ce ƙullun da ya yi kauri ya tsinke da kansa cikin sa'a ɗaya ko biyu. Busasshen dankalin Hausa ma yana taimakawa, domin shi ma yana da irin wannan sinadari.

Kayan aiki ba su da yawa: babbar tukunya mai murfi, muciyar da ba a tuƙa komai da ita, da ƙyallen tata mai laushi wanda ake tafasawa kafin amfani. A roƙi mai injin markaɗe ya ɗauraye injinsa, in ba haka ba kunun zai zo da ɗanɗanon tattasai.

Masu burukutu da kamfanonin giya ma da tsiro suke farawa, abin da ya raba mu da su shi ne yis da tsawon lokaci. Sa'a 8 zuwa 10 ta ishi ƙullu ya yi ɗan tsamin da ake so, sai a tace. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina yake kai digiri 40, ban yarda ya wuce sa'a 6 ba, alhali a hunturu yakan kwana lafiya. Bayan tata, a sanya shi a firiji ko cikin ƙanƙara a shanye a ranar. Idan gorar roba ta kumbura, ko ta yi tsaki da kumfa lokacin buɗewa, to yis ya fara cin sukarin yana mayar da shi barasa, kuma ni ba na ba kowa irin wannan.