Birki ba a danne shi a riƙe

Shekara shida na yi ina gyaran keke a Maradi, amma abin birki sai da na faɗi na gane shi. Lokacin ina yaron shago, maigidana ya aike ni fadama da keken nan Phoenix mai birkin ƙarfe, bido huɗu cike da ruwa a baya, kowane lita 25, kilo 100 ke nan ban da ni kaina. Da na kama gangaren da ke sauka wajen gulbi sai na matse birkin baya na riƙe, keken bai tsaya ba, sai ƙaurin roba nake ji yana tasowa, da tsoro ya kama ni na damƙi na gaba daidai inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Tayar gaba ta zame, ni can bido can. Har yau tabon na nan a gwiwata.

Da na turo shi shago maigida bai yi faɗa ba, ce mani ya yi "yaro, taɓa ƙarfen tayar nan." Wallahi da ɗuminsa har lokacin. Ya ce birki gudu yake mayarwa zafi, in ka riƙe shi ba saki robar ta yi santsi ta daina kamawa, a gangare mai tsawo ma zafin kan fasa tib. Matsawa ake da ƙarfi a rage gudu, a saki ya sha iska, a sake. Kan kwalta na gaba ne mai tsaidawa, cikin yashi kuwa a lallaɓa shi. Kuma tun daga sama ake rage gudu, don in gudu ya ninka biyu nisan tsayawa ninki huɗu yake yi.

Daga baya na ji Turawa masu keken mutum biyu da ke hawa duwatsu da kaya har birki na uku suke sawa a cibiyar tayar baya, saboda wannan zafin dai.

Abin da ke damuna su ne masu cire birki gaba ɗaya suna taka taya da silifa, ga buhun gero a kariya, wani har da yaro a gaba. Duk wanda ya kawo mani faci sai na matsa birkinsa na gani ko bai ce ba, in robar ta cinye in nuna masa. In kaya ya yi nauyi kuma damina ce ƙarfen ya jiƙe, ni dai sauka nake in tura.