Allurar Mitar Gudu Ta Daina Rawa

Asabar

Yau da safe na kai Peugeot 504 ɗin da mahaifina ya bar mini gareji, domin allurar mitar gudu ta jima tana rawa. Ina tafiya a nitse, sai ta riƙa tsalle tsakanin 40 da 80, wata 'yar ƙara kuma tana fitowa daga bayan dashbod. Motar haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975, kuma ba na son ko ƙaramin abu a jikinta ya zauna a lalace.

Wani yaron gareji ya ce a sayo wata mita a Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, amma maigidansa, dattijon da ya tsufa a kan irin waɗannan motoci, ya girgiza kai. "Alhaji, mitar nan lafiyarta lau, waya ce ta bushe," in ji shi.

Ya nuna mini yadda abin yake. Wata waya ce ke tasowa daga giyabos tana juyawa a cikin kwansonta har zuwa bayan mita, inda take juya maganaɗisu, shi kuma ya ja wani ɗan kofin alminiyam da allurar ke kansa, wani siririn sifirin yana riƙe da ita. Idan man da ke cikin kwanson ya bushe, ƙura ta haɗu da shi, sai wayar ta riƙa maƙalewa tana murɗewa, sannan ta kuɓuce da ƙarfi, kuma wannan fizgar ce nake gani a allura.

Da ya zaro wayar, ta fito baƙa ƙirin, tsohon giris ya daskare a jikinta kamar kwalta. Ya wanke ta da kananzir, sannan ya riƙe bakinta biyu, ya bar tsakiyar ta lanƙwaso, ya murza ta a hankali da yatsu. Ya ce da ta karye a wani wuri, da ta yi tsalle a hannunsa. Amma sai ta juya sumul. Ya duba bakin nan mai kusurwa huɗu da ke shiga giyabos, ya tarar bai cinye ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya shafa giris kaɗan, kuma ya bar sashen da ke kusa da mita a bushe, domin juyin wayar yana tura mai sama, idan kuwa ya shiga cikin mita sai ya riƙe kofin. Ya kuma gyara zaman kwanson a inda wani ya taɓa lanƙwasa shi fiye da kima.

Bayan la'asar muka gwada ta a hanyar Zariya, allurar ta hau a hankali ta tsaya cak a kan 80, ƙarar ma ta ɗauke. Ya ce idan rawar ta dawo, to ɗan haƙorin da ke juya wayar a cikin giyabos za mu duba.