Dariyar kamara daban, dariyar taro daban

Da camama, wato finafinan barkwanci, na fara, daga baya na koma riƙe makirfo a wajen biki da taro. Na ɗauka sana'a ɗaya ce, ashe kowacce da tarkonta.

A camama ba kasafai ake ba ka rubutacciyar magana ba. Darakta zai ce, "Kai mai gadi ne, mai shayi yana bin ka bashi, ga shi nan tafe," sauran kuma naka ne. Da irin wannan ƙirƙira ta nan take marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi suna, shi da ya fara da aikin gandiroba, ya rasu a Disambar 2014. Wahalar ita ce yawanci kamara ɗaya ce. A ɗauki fitowa daga nesa, a ce maimaita daga kusa, maganar da ta zo maka ba shiri kuwa ba ta dawowa yadda take. Mai tace hoto ya zo haɗawa, baki ya ƙi dacewa da murya. Shi ya sa nake roƙon a fara da ɗaukar kusa, wani ya zauna da takarda yana rubuta abin da na faɗa da hannun da na ɗaga. Ma'aikata kuma su danne dariya sai an ce a yanke, don ƙyalƙyalar mutum ɗaya tana kashe sautin fitowa gaba ɗaya.

A gaban jama'a babu mai yanke maka komai. Kuskurena na farko shi ne hawa kan dariya: mutane sun fashe, ni kuma na ci gaba da zuba, jimla ta gaba ta nutse. Ka tsaya, ka ƙirga uku a zuci, sai ta fara sauka ka ɗora. Kalmar da ke ɗauke da dariyar kuma ta zo ƙarshen jimla. In ka sa ta a tsakiya, ka zubar da ita.

Ina shirya minti 10 ko da 5 aka ba ni. Nakan buɗe da gajere wanda na riga na gwada, cikin daƙiƙa 20 na farko, sabon abu kuma in cusa shi tsakanin tsofaffi biyu masu ƙarfi. Waya tana aljihu tana naɗa, washegari in saurara in ga inda aka yi shiru. Makirfo yatsu biyu daga baki, kuma kada ka tsaya gaban lasifika, za ta yi ƙara.

Wasan taubasantaka yana ceto taro mai sanyi: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Amma sai kana cikin masu wasan. Bakatsine ya tsokani Banufe, dariya ce. Bare ya faɗi wannan maganar, ta zama zagi. Addini, nakasa da surukai ba na taɓa su. Wanda zai fitar da fim a Kano kuma ya tuna da Hukumar Tace Finafinai, ko Ibro ya sha ɗauri a 2008.

Batun kuɗi, rabi nake karɓa kafin ranar, a kuma faɗa mini lokacin da zan hau. Kada ka yarda a sa ka daidai lokacin rabon abinci, ba wanda zai kalle ka.