Kafin ka yi hayar kamara

Jiya da dare a fada ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ranar Alhamis za mu fara ɗaukar fim a Kasuwar Dole ta Damagaram." Na ce ina jadawali? Sai ya miƙo mini waya. Labarin ne tsurarsa, shafi 60. Kuma Alhamis, ranar da kasuwar ke cika maƙil!

Ban iya yi masa faɗa ba, don ramin da na faɗa ke nan. A fim ɗina na farko, yadda aka rubuta labari haka na bi shi: fitowa ta ɗaya a unguwar Birni, ta biyu a garin Mirya, ta uku mu dawo Birni. Sau huɗu muka kwashi kaya zuwa Mirya, aikin da yini guda ya ishe shi. Kwana 6 na lissafa, muka ci 11, kuɗin haya na hawa kullum. Gidan da muka ara da yamma na gan shi, tsit. Ashe injin niƙa ne a bayan katanga, da safe yake tashi. Sautin fitowa tara ya tafi a banza. Rana ta biyar jaruma ta zo da sabon lalle, ba wanda ya lura sai wurin tacewa, wato yanka da haɗa hotunan fim. To, wa ya koya mana? Ba makaranta, ba babba a gaba. Amma biro da takarda ba su taɓa tsada ba, ganganci ne kawai.

Na so in jera muku abubuwa goma, amma ku da ba ku iya sauraron minti biyu ba tare da latsa waya ba, ga kaɗan.

Ka tsinka labarin fitowa-fitowa. Kowace da takardarta: wuri, dare ko rana, ƴan wasa, sutura, kayan hannu. Sannan ka tara na wuri ɗaya ka gama da su gaba ɗaya. Shafi guda kusan minti guda ne. Wanda ya sa wa kansa fiye da shafi 5 a yini, ƙarya yake yi wa kansa.

Ka je wurin a daidai sa'ar da za ka ɗauka, ka rufe ido ka saurara. Ka gaida mai unguwa, takardar izinin hukuma na aljihunka. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, kamara na mutuwa da kanta, don haka daga hantsi a huta sai bayan la'asar. Kada ka dogara da wuta. Batir uku, kuma injin wuta ya yi nesa da makirfo.

Abinci, ruwa, mai da kuɗin kabu-kabu su ke cinye kasafi, ba jarumai ba. Ware kuɗin tacewa tun yanzu, da kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Kada ka fara sai kuɗi sun cika. Ko da yake wanda ya jira su cika, furfura za ta riga shi. Ka fara, amma ka yanke labarin zuwa shafi 20.

Yaron dai ya ce ya riga ya ba da kafin alƙalami.